Saura Ƙusoshi

Yau Juma'a na roƙo kwali biyu a kantin Maki,
na taka kujera, na soma sauke takardun Dakta.
Shekara talatin da ɗaya ina share musu ƙura,
ban taɓa ɗaga ko ɗaya daga kan ƙusarta ba.

Ta farko ta jami'a ce, da Latinanci,
sunan a murɗe kamar igiyar shanya:
Helmi Kangas.
Tawada ta koɗe, hatimi ya dushe.
Tsofaffin mahaƙa tagulla kan tsaya a gabanta,
su gyara tabarau, su gyaɗa kai,
babu mai gane ko kalma guda,
amma sai su zauna, su naɗe hannun riga.

Ta biyu shaidar ƙwarewa ce kan lafiyar iyali,
wadda ba a sabuntawa sai da jarrabawa.
Na gan ta da furfura tana bitar littafi,
tana cin busasshen kifi a tsaye, tana mita:
"Ni da na karɓi haihuwar rabin garin nan,
yau ni ake tambaya ina saifa take."

Ta uku wasiƙa ce daga asibitin gunduma,
mil arba'in da biyu ta gaɓar Tafkin Superior.
An yarje mata ta kwantar da marasa lafiyarta,
ta shiga ɗakin haihuwa, ta sa hannu a fayil.
Wasiƙar ba ta ce komai kan hanyar ba.
Ba ta san Janairu ba,
daren da dusar ƙanƙara ta kai bakin taga,
motar asibiti ta kafe a gangare,
Dakta ta ɗora Arvo Heikkinen a motar sharar hanya,
yatsa biyu a wuyansa tana ƙirgen bugun jini,
ɗaya hannun ya ɗaga ledar ruwa kamar mai riƙon fitila.
Arvo ya ƙara shekara tara a duniya.
Duk kaka sai mu tarar da buhun dankali a ƙofa.
Godiya da baki ba halinsa ba ce.

Ta huɗu lasisin jiha.
Ina ciro ta, wani abu ya zamo daga baya ya faɗi.
Takarda ce ninki huɗu,
da rubutun nan nata mai kama da sawun kaza,
wanda daga ni sai mai kantin magani ke iya karantawa.
Sunaye goma sha bakwai, kowanne da kwanan wata.
Na san su duka, ni na rufe fayilolinsu.
Jaririn gidan Tervo.
Malama Ruona mai koyar da lissafi.
A layi na sha ɗaya, sunan mijina,
a gefe kuma, da fensir, ƙanana:
"Na makara wajen tura shi hoton ƙirji."

Na sauko daga kujera a hankali.
Tukunyar ɗumama ɗaki tana ta ƙwanƙwasa bututu.
Shekara sha biyu muna shan kofi a tebur ɗaya,
ita baƙi, ni da madara,
ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba,
alhali tari uku na ji ya yi a watan Mayu
na ce masa sanyi ne, zai wuce.

Ran Litinin babban asibiti zai karɓi ginin.
Za su aiko matashi sau biyu a mako,
shaidunsa a cikin na'ura suke, bango ba ya ganinsu.
Za su yi fenti.
Kafin nan ga tabo huɗu farare a jikin bango,
kamar inda aka ɓare filasta.

Na ji ƙarar makullanta a zaure,
tana buga takalmi, tana kakkaɓe ƙanƙara.
Na mayar da ninkin yadda na same shi,
na tura shi bayan lasisin, na danne maƙalai,
na sa a kwali, fuska ƙasa.

Ta leƙo. "Lempi, kin gama?"
Na ce, "Saura ƙusoshi."